Ba tsufa ne ya kayar da jirgin nan ba, ku gyara maganarku

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a.

Wallahi tun ranar Asabar abin nan yake cina a rai, na ce sai na rubuto ko da kwandon shara za ku jefa takardar. Yaron nan naku mai gabatar da shiri da ya kawo labarin faɗuwar jirgin saman Harrison Ford, ɗan wasan fim ɗin nan na Amurka, ya dinga ƙyaƙyata dariya wai tsoho ya hau tsohuwar akwala ai dole su faɗo tare, abokin zaman nasa kuma yana taya shi wai jirgin da ya ga yaƙin Hitila me ya rage a jikinsa. Haba jama'a! Ina gareji lokacin, rediyo na kan benci, yarana suna ta dariya su ma, ni kuwa raina ne ya ɓaci don na san ba haka abin yake ba, kuma dubban mutane sun ji sun tafi da shi a matsayin gaskiya.

Jirgin nan bai ga yaƙin kowa ba. Na koyon tuƙi ne, kamfanin Ryan ya ƙera shi a San Diyego a 1942, samfurin da sojan Amurka ke kira PT-22, kujera biyu ɗaya gaba ɗaya baya, sama a buɗe iska na dukan fuskar mutum, injin Kinner mai silinda biyar a kewaye. Sama da dubu aka yi irinsa, da aka gama yaƙi soja suka yi gwanjon ɗaruruwa fararen hula suka saye. Wannan ɗin ma daga hannun soja ya koma hannun farar hula, aka yi masa garambawul gaba ɗaya a 1998, har ya zo hannun Ford, rajistarsa ma da sunan wani kamfani take. Duk wannan yaronku bai faɗa ba, shi dai akwala, akwala.

Kuma abin da ya faru ranar 5 ga Maris 2015 ba a ɓoye yake ba. Mutumin ya tashi daga filin jirgin Santa Monika a Kalifoniya, bai jima a sama ba inji ya ɗauke, ya kira hasumiyar kula da sauka da tashin jirage ya ce zai juyo, ya juyo ɗin amma ya ga ba zai kai titin sauka ba sai ya nufi filin golf na Penmar da ke gefe, jirgin ya taɓa kan wata bishiya sannan ya dira kan ciyawa. Unguwa ce fa mai gidaje ta ko'ina. Dattijo ɗan shekara 72, inji a mace, ya kauce wa rufin mutane bai kashe ko kaza ba, shi ne ya karye a ƙugu da idon sawu, amma abin da yaronku ya gani a ciki shi ne abin dariya.

To me ya kashe injin? Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta kwance kafireta ta tarar babban jet ya kwance daga mazauninsa ya juya gefe. Shi kenan. Duk bakaniken da ke jina ya san jet, ɗan guntun tagulla ne mai rami a tsakiya da bai kai kan ɗan yatsa ba, shi ke auna man da zai shiga, in ya kwance mai zai kwararo ba awo, iska ta yi kaɗan, inji ya shaƙe ya mutu. Suka duba littafin gyaran jirgin suka ga tun da aka gyara kafiretan nan lokacin garambawul, wajen shekara 17 kenan, babu inda aka rubuta an sake buɗe shi an duba jet ɗin, littafin umarnin kafiretan ma bai yi bayanin yadda za a ɗaure shi ba. Har bel ɗin kafaɗa sun ce ba a kafa shi daidai ba shi ya ƙara wa Ford rauni. Ina tsufa a nan? Ko jiya aka fito da inji daga kwali in jet ya kwance haka zai yi.

Abin ya taɓa ni ne don ni da hannuna na sha ganin irinsa. Akwai wani Alhaji da ya kawo mini Fijo 504 tasa a ɗaure da igiya, ta mutu masa a hanyar Funtuwa da iyali a ciki, rana tsaka. Kafin ta iso wurina wani ya riga ya ce masa injin ya gama yayi, tsufa ne, ya sauke a sa na kwatano, har ya fara neman bashin kuɗin. Na ce Alhaji bari in gani tukuna. Na zare fulogi na ga sun yi baƙi ƙirin a jiƙe sharkaf, warin fetur ko'ina, na buɗe kan kafireta sai ga jet kwance a gindin kwanon mai yana yawo. Na ɗauko shi na goge da gefen rigata na mayar na ɗaure da sukundireba, muka wanke fulogi, bugu ɗaya ta tashi. Alhaji ya riƙe baki. Na tambaye shi wa ya taɓa buɗe wurin nan, ya ce shi ma a hannu ya saya, wanda ya sayar masa a hannu ya saya, babu ko ƙyallen takarda da ke nuna abin da aka taɓa yi mata. Su can aƙalla da jirgin ya faɗi an samu littafin da aka buɗe aka bi baya har 1998 aka ga inda aka yi sakaci, mu nan mota za ta zaga hannu bayan hannu ba wanda ya san wa ya kwance me, in ta kashe mutane a ce tsufa ne ko a ce kwana ya ƙare a rufe magana.

Irin maganar yaronku ita ke ƙara wa mutane wannan tunanin. Yarana na gareji yanzu sai na sake zaunar da su, don ɗaya har ya fara ce wa mai mota "ai ta tsufa ne Oga" tun bai ɗaga bonet ba, ya ji a rediyo. Dan Allah ranka ya daɗe a sa shi ya nemo rahoton nan ya karanta, yana intanet kyauta, ya dawo ya gyara a shiri na gaba da bakinsa kamar yadda ya ɓata da bakinsa. In kuma tarihin tsofaffin jirage yake so da gaske ga na gida nan, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano a watan Nuwamba 1925, ban taɓa ji kun ba shi ko minti biyar ba.

Sannan tallar maganin basir ɗin nan da kuke yanke shiri da ita. Ana tsakiyar magana sai kawai mutum ya ɓarke da ihu, ƙararta ta ninka ta shirin, sai na ajiye sifana da hannuna duk baƙin mai na ruga na rage murya, kuma kalaman da yake faɗa ba na gaban yara ba ne wallahi, mata ma na zuwa gyaran mota suna zaune a wurin. Ku karɓi kuɗinku ba wanda ya hana, amma a kai ta bayan ƙarfe goma na dare ko a rage mata murya.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku, bakanike daga Zariya