Godzilla da Kong: A Bar Mana Dodo Ya Zama Dodo

Malam Edita, assalamu alaikum, Allah ya ƙara basira.

Jiya a fadarmu nan unguwar Zariya muka kunna Godzilla x Kong na 2024 a waya, mu bakwai muna leƙen allo ɗaya shayi na kan gawayi, wallahi har fim ya ƙare ban ji tsoro ko sau ɗaya ba, ƙanena dariya ma yake yi wai Kong, ƙaton birin nan, ya sa safar ƙarfe kamar mai walda.

Asalin Godzilla fa ba wasan yara ba ne. Kamfanin Toho na Japan ya fito da shi a 1954, shekara 9 bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, dodon shi ne tsoron nukiliya da ke cikin zuciyarsu. Mu da ake haƙo uraniyum, ma'adinin da ake nukiliya da shi, a Arlit nan Nijar ai ya kamata maganar ta taɓa mu.

Amma tun da Amurkawa suka fara nasu jerin a 2014, suka kawo Kong 2017, suka haɗa su faɗa 2021, kowane fim sai ya zama tallan na gaba, dodanni sun koma abokai suna rusa gari ba mai tambayar mutanen da ke cikin gidajen.

Godzilla Minus One na 2023 shi ya burge ni, Japan suka yi da kuɗi kaɗan har ya ci lambar yabo ta Oscar. Don Allah ku yi mana sharhinsa a shafinku na nishaɗi.

Naku,
Mai karatu daga Maradi