Sanarwa ga Iyaye da Malaman Firamare

Assalamu alaikum. Don Allah iyaye mu riƙa sa ido a kan yaranmu. Idan yaro mai surutu ya koma shiru, ko kullum da safe ya ce cikinsa na ciwo, ko ya dawo da kwanon abincinsa bai taɓa ba, kada mu yi saurin ce masa malalaci. Sau da yawa tsangwamar abokai ce, ko tsoron bulala. A zaunar da shi, a tambaye shi cikin lallashi, ban da tsawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14. Idan abin ya daɗe, a sanar da malamin aji, sannan a ga likita a Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika.