Sun ce maganin ɓera nake ba mijina

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari. Don Allah ki sakaya sunana.

Anti, tun jiya ban runtsa ba. Yayar maigidana ce ta zo har ɗakina, a gaban 'ya'yana, ta ce wai maganin ɓera nake ɗura wa ƙaninta. Ni da na sayar da 'yan kunnena na gwal na biya kuɗin gwaje-gwaje, lokacin da ita ko waya aka kira ta ba ta ɗagawa.

Bari in faro miki daga tushe. Maigidana tela ne, shekarunsa 46, mutum ne na goro da shayi mai kauri har tsakar dare, balle in sallah ta gabato ɗinki ya taru. Bara ya fara kukan ƙirjinsa na fat-fat kamar an kulle tantabara a ciki, ɗan tafiya kaɗan sai haki. Hajiyarsu ta ce iska ce, aka shiga rubutu da hayaƙi. Ban hana ba, wa zai ƙi addu'a? Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a shago, yaransa suka ɗauko shi a adaidaita.

A asibiti aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ga zuciyar na bugawa wajen 140 a minti ɗaya, kuma barkatai, alhali ta mai lafiya tsakanin 60 ne zuwa 100. Likitan zuciya ya zaunar da mu ya ce ɗakunan sama na zuciyar rawa kawai suke yi, ba sa matso jini sosai, sai jinin ya kwanta ya yi guda, in gudan ya haye ƙwaƙwalwa shi ne shanyewar ɓarin jiki. Hoton zuciya kuma ya nuna wata ƙofa a ciki ta tsuke, wai asalinsa ciwon maƙogwaro ne na yarinta da ba a magance ba. Aka sa shi a kan bisoprolol don rage gudun bugun, da warfarin don kada jinin ya daskare. Bayan 'yan makonni aka sa shi barci, aka ba ƙirjin wutar lantarki da wata na'ura, bugun ya dawo daidai. Alhamdu lillahi ya miƙe, ya koma kan kekensa, har ya yi ƙiba. A duk zaman asibitin nan ita Yaya leƙowa kawai ta yi, hannu rabbana, tana toshe hanci.

To shi warfarin ɗin nan akwai gwajin jini da ake masa, INR, mai auna saurin daskarewar jini, an ce ya tsaya tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa jini ya yi guda, in ya haura mutum ya yi ta zubar jini. Shi ya sa nake sa ido. Suna yawo da ni wai na hana shi zogale da alayyahu, wallahi ƙarya ne, likita cewa ya yi a ci daidai wa daida, kada yau a cika kwano gobe a daina. Abin da na hana shi ne ibuprofen da diclofenac na kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Watan jiya Hajiya ta aiko da jarka guda ta jiƙon saiwoyi, ya riƙa sha a ɓoye a shago. Da asuba na ga asuwakinsa ya rine ja, ga wani tabo baƙi a cinyarsa ba tare da ya bugu ba. Aka gwada INR, ya haura 5. Na zubar da jarkar a kwata, kuma ko yau aka kawo wata zan zubar.

Na manta ban faɗa miki ba, ɗan Yaya ne ya gani a waya wai da sinadarin warfarin ake haɗa maganin ɓera. Likita da kansa ya taɓa gaya mana haka, ya ce bambancin awo ne. Ita Yaya ta san gaskiya, tun ranar da aka kawo ni gidan nan ba ta ƙaunata, akwai ƙawarta bazawara da take so ta cusa masa.

Maigidana yana zaune Anti, yana ji tana zagina har da iyayena, ko uffan bai ce ba. Da safen nan da zan wanke kaftaninsa na tarar da ƙwayoyin warfarin a aljihu, a naɗe a takarda. Ashe in na miƙa masa ba ya haɗiyewa.

Shin in je wurin likitansa ni kaɗai in faɗa masa, ko hakan cin amanar miji ne? Mamata ta ce in tattaro yarana in taho gida har su zo biko. To in na tafi wa zai tuna masa ranar gwaji? Kuma ni Anti, mutumin da ya yarda zan iya kashe shi, ta yaya zan ci gaba da dafa masa abinci?

Taki,
Wata baiwar Allah daga Kano