Zuwa ga oga bakanike a Kumasi

Assalamu alaikum mutumina. Ya Kumasi, ya aiki, ya uwargida da yara? Ina fata kowa lafiya. Mu nan Zariya alhamdulillahi, sai dai hunturu da ya sako mu gaba, da asuba sai an ɗumama ruwan alwala.

Saƙonka na murya ya iso, na sha dariya wallahi. Wato yaranka na gareji a Suame sun tsare ka da tambaya wai me ya haɗa giyar mota da duniyoyin sama har Turawa suke ce mata planetary gear, kai kuma ka ce su bari ka tambayi malamin jogirafi. To ga malam ya amsa, kuma a rubuce don ka karanta musu in an tashi aiki.

Asalin planetary daga planet take, wato duniyoyin nan da ke zagaya rana, tamu da su Zara matar wata da Mirriku da Mushtari da Zuhalu. Ita kuma planet ɗin daga Girkanci ta fito, ma'anarta mai yawo, saboda mutanen da sun lura sauran taurari kowa na zaune a gurbinsa tsakanin 'yan uwansa amma akwai wasu guda biyar da in ka bi su wata da watanni sai ka ga sun sake wuri. To duk abin da ya shafi waɗannan shi ake liƙa wa planetary, misali planetary motion, tafiyar duniyoyi, wadda masanin taurari Kepler ya fitar da ƙa'idojinta a 1609 da 1619 ya nuna cewa hanyar da suke bi ba da'ira ce cif ba, ta ɗan miƙe. Wannan ita ce ma'anar farko kuma yawanci ita ƙamus ke fara ba ka.

Taka ta gareji kuwa kamanni ne kawai. Ka fi ni sani, in ka farke giyabokis na otomatik akwai giya ɗaya a tsakiya, ita Bature ya kira sun gear, giyar rana, sai ƙanana uku ko huɗu da ke kewaye da ita an ɗora su kan mariƙi ɗaya, kowacce tana juyawa a kan kanta kuma tana zagaya ta tsakiyar a lokaci guda, sannan babban zobe mai haƙora ta ciki ya rufe su duka. Ƙananan nan su ne planet ɗin, tunda haka duniyarmu take yi, tana juyi a kanta tana kuma zagaya rana. Abin da ke burge ni da wannan tsari shi ne daga ƙarafa uku kacal, in kulochi ko birkin ciki ya riƙe zobe aka juya ta tsakiya sai gudu ya ragu ƙarfi ya ƙaru, in aka riƙe mariƙin ƙananan sai juyi ya koma baya ka sami ribas, in kuma aka haɗe biyu suka tafi tare sai komai ya juya kamar ƙarfe ɗaya. Kuma ba sabon abu ba ne, tsohuwar Ford Model T ta 1908 ma da irinta take tafiya, ita kuma Toyota Prius da ta fito a 1997 da ita take raba aiki tsakanin injin mai da na lantarki. Haka injin kwaɓa fulawa na masu kek, in ka ga an rubuta planetary mixer a kwali to muciyar ce ke juyawa a kanta tana kuma zaga kwanon, shi ya sa ba ta barin gari a gefe. In uwargida na son saya ka san abin da za ka duba ke nan.

Sai ɓangarena, inda nake cin abinci. A nan planetary ba ta nufin duniyoyi da yawa, tana nufin wannan duniyar tamu gaba ɗayanta. Duk shekara sai ɗalibai sun rikice da planetary winds a jarrabawa, wani ya rubuta maka wai iskar da ke kaɗawa a Mirriku ce, alhali iskoki ne manya da ke kaɗawa a doron ƙasa shekara da shekaru ta fuska ɗaya saboda bambancin zafi tsakanin tsakiyar duniya da ƙarshenta da kuma juyin da take yi. Hunturun nan da ke fasa mana leɓe ma daga cikinsu yake, iskar arewa maso gabas ce ta ratso Sahara ta kwaso ƙura, ku a can ragowarta kuke samu. Da wannan ma'anar ce masana a ƙarƙashin Johan Rockström suka fito da planetary boundaries a 2009, iyakoki tara da suka ce in ɗan Adam ya ƙetare su duniya za ta yi wuyar zama, ciki har da sauyin yanayi da ƙarewar nau'o'in halittu da ruwan sha, kuma a 2023 suka ce an riga an wuce shida. Akwai ma planetary defence, kare duniya daga duwatsun sama, kada ka ɗauka fim ne, a watan Satumba na 2022 wani kumbo mai suna DART da NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta aika ya kai wa wani dutse mai suna Dimorphos karo da gangan har ya rage kusan rabin awa daga lokacin da yake ɗauka yana zagaya wani dutsen da ya fi shi girma, don dai a gwada ko za a iya karkatar da irinsa in ya nufo mu.

Guda ɗaya ce ke ba ni haushi, planetary nebula, don ita sam ba ruwanta da duniyoyi. Iskar gas ce da tauraro ke fesarwa in ya tsufa ya kusa mutuwa, amma da yake a madubin hangen nesa na zamanin masanin taurari William Herschel, wajen shekarun 1780, tana fitowa ƙulli-ƙulli kamar wata duniya sai sunan ya bi ta, har yau kuma ba a sake ba duk da kowa ya san ba haka ba ne. A ganina tun da aka iya zama a Prague a 2006 aka cire Pluto daga jerin duniyoyi aka bar takwas, gyara wannan sunan bai fi ƙarfinsu ba, ganin dama ne kawai.

In ka sake buɗe wani giyabokis don Allah ka ɗauko min bidiyon ƙananan giyoyin nan kana juya su da hannu ka turo ta WhatsApp, ina so in nuna wa 'yan aji, zanen allo ba ya shiga kansu. Kuma maganar goro da ka yi alkawari tun bara ban manta ba fa.

A gaida uwargida da yara da duk mutanen zango. Su Hajiya suna gaishe ka.

Naka,
abokinka na Zariya