Gargaɗin tsofaffin katun bai iso ɗakunanmu na Agege ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, na san wasu za su ce ana fama da tsadar shinkafa da kuɗin haya wane ne ke ta katun, to ni dai uba ne mai yara huɗu a nan Agege kuma abin a ɗakina ya faru.

Wani daren Asabar ne an kawo wuta, yara sun jeru a kan tabarma suna kallon Tom and Jerry da na sa aka tura musu a memori wajen masu tura finafinai na bakin titi. Ina gefe ina lissafin kuɗin albasa, sai na ji dariya ta ɓarke. Wani abu ne ya fashe a fuskar kyanwar, hayaƙi ya washe sai ga fuska baƙi ƙirin, leɓe ya kumbura, gashi ya miƙe tsaye an ɗaure shi ƙulli-ƙulli. 'Yata mai shekara shida ta juyo tana riƙe ciki ta ce, Baba kalli ya koma baƙi mummuna. Yarinyar nan wallahi ta fi ni duhun fata. Na ajiye biro na rasa me zan ce mata, don ni ma ina yaro na kalli irin wannan wajen a talabijin ɗin maƙwabta na yi dariya har da hawaye, ban taɓa kawowa a raina cewa fuskata ake zanawa ba.

Daga baya ƙanina da ke karatu a jami'a ya zaunar da ni ya yi min bayani, ni ma na bi na karanta. Ashe su can masu abin sun daɗe da sanin akwai matsala. Tom and Jerry an fara shi a 1940, a ciki akwai wata mata baƙar fata mai ƙiba mai aikin gida wadda yawanci ƙafafunta da silifas kawai ake nunawa, tana ta ihu da gurɓataccen Turanci, kuma a 2014 Amazon da iTunes, masu sayar da finafinai ta intanet, suka liƙa wa katun ɗin gargaɗi kan wariyar launin fata. Kamfanin Warner yana da katun 11 da aka janye daga talabijin tun 1968 saboda yadda suka zana baƙar fata, ciki har da masu nuna mutanen daji da ƙaton leɓe da tukunyar dafa mutum, wato dai mu kenan a idonsu.

Kamfanin Disney kuwa da suka buɗe Disney+, manhajarsu ta kallon finafinai ta intanet, a watan Nuwamba 2019 sun sa ɗan gajeren rubutu cewa fim ɗin yana iya ƙunsar tsohon kallon al'adu. Mutane suka ce wannan ai shafa mai ne a baki, sai a Oktoba 2020 suka ƙarfafa shi, rubutun ya riƙa fitowa kafin fim ya fara na daƙiƙa 12, ba ka iya tsallake shi, yana cewa irin wannan siffantawar kuskure ce a wancan lokacin kuma kuskure ce yanzu. Dumbo na 1941 ya samu wannan gargaɗi saboda hankakin nan masu kwaikwayon maganar baƙaƙen Amurka, shugabansu ma sunansa Jim Crow, sunan da ake kiran dokokin wariya da suka hana baƙar fata zama kujera ɗaya da farare a kudancin Amurka har cikin shekarun 1960. Peter Pan na 1953 saboda yadda ya mayar da 'yan asalin Amurka abin dariya, The Aristocats na 1970 saboda kyanwar da aka yi wa tsukakkun idanu tana kaɗa fiyano da tsinken cin abinci don a tsokani mutanen Asiya. Har Aladdin na 1992, wanda yaranmu ke so saboda suna ganin rawani da raƙuma suna zaton nasu ne, Larabawan Amurka sun yi ƙorafi sai da aka canja baiti a waƙar buɗe fim ɗin a 1993, don baitin ya nuna ƙasar Larabawa a matsayin wajen da ake yanke wa mutum kunne haka kawai.

Ni ina goyon bayan gargaɗin nan ɗari bisa ɗari, kuma ban yarda a ƙone finafinan ko a yanke wuraren a yi kamar ba a taɓa yi ba. A bar su yadda suke a rubuta a kai, wanda ya yi laifi ya amsa da bakinsa. Shi ya sa raina ya ɓaci da na ji a Fabrairun 2025, da iskar siyasar Amurka ta juya, Disney sun rage gargaɗin ya koma ɗan layi guda. Abin da ka ce kuskure ne a 2020 ai bai zama daidai ba don an sake shugaban ƙasa.

Amma Malam Edita ko da sun bar shi yadda yake, wane yaro ne a Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago ya taɓa ganinsa? Yaranmu ba a Disney+ suke kallo ba. Memori ne da ake cikawa a rumfa, da faifan kasuwar Alaba mai katun talatin a ciki, da guntaye a YouTube a wayar uwarsu idan akwai data. Mai turawa ba ruwansa da wani gargaɗi, kuma ko ya fito, Turanci ne dogo, yaro ɗan shekara biyar da ko baƙi bai gama haɗawa ba me zai karanta? Uwar tana kicin, uban yana kasuwar Mile 12 tun asuba. Gargaɗin ya tsaya a can inda aka rubuta shi, zanen kuma ya iso har kan tabarmarmu.

Abin da ya sa na kasa yin shiru ma shi ne namu na gida. Duk Bahaushen da ya zauna a Legas ya san kalmar aboki, kalma mai daɗi a harshenmu, amma a nan ta koma wani abu daban, idan aka ce maka aboki da wata irin murya ka san ana nufin wawa ne wanda bai waye ba. Daga ina yaran Legas suka koyi wannan? Ka kunna finafinan kudu da wasannin barkwanci na waya ka gani, Bahaushe kusan kullum maigadi ne da 'yar rediyo a kunne da goro a baki, yana juya harafin p da f, an aike shi ya kawo abu ya kawo wani daban, maigida ya daka masa tsawa kowa ya yi dariya. Gadi sana'a ce ta halal, da yawa cikin 'yan uwanmu da ita suke ciyar da iyali kuma ina girmama su, abin da ke ƙona min rai shi ne an mayar da mai sana'ar dolo, kuma an nuna kamar ba mu da likita ko lauya ko ɗan kasuwa, alhali Aliko Dangote ɗan Kano ne kuma matatar mansa tana nan Lekki.

Babban ɗana yana aji huɗu a wata makarantar kuɗi a nan kusa. Ranar nuna al'adu uwarsa ta goge masa farar shadda da hula zanna, ya fita yana taƙama. Ya dawo da hular a cikin jaka a dunƙule. Wai yara sun kewaye shi suna cewa ya buɗe musu get, suna kwaikwayon maganar maigadin fim, wani har ya miƙo masa takalmi ya goge. Da na je na yi magana sai aka ce min wasan yara ne kawai in yi haƙuri. Tun ranar yaron nan idan mun shiga danfo na yi masa Hausa sai ya amsa min da Turanci ƙasa-ƙasa. Wannan ya fi min ciwo a kan duk hankakin Dumbo.

Kuma kada mu wanke kanmu, mu ma muna yi. A finafinanmu na Hausa sau nawa muka ga an fito da Bagwari ko Bafulatanin daji ko Inyamiri don kawai a yi dariyar yadda yake Hausa? Na san akwai wasan barkwanci tsakanin ƙabilu tun kaka da kakanni, kamar na Fulani da Barebari, amma wancan kowa yana ramawa ido da ido, a fim kuwa gefe ɗaya ne ke riƙe da kyamara ɗayan ba shi da bakin ramawa.

Roƙona ga Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1993, tunda tana sa wa fim alamar shekaru saboda tsiraici da zubar da jini, ta ƙara da alamar cin fuskar ƙabila, hukumar tace finafinai ta Kano ma haka. Tashoshin da ke sa tsofaffin katun da rana su riƙa faɗin gargaɗin da baki, da Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin buroka, yadda yaro zai ji da kunnensa. Masu zanenmu na arewa kuma su tashi, a 2024 Disney da kamfanin Kugali sun fitar da Iwájú, katun da aka gina labarinsa a kan Legas ɗin nan tamu, kenan ana iyawa, ina son ranar da ɗana zai ga yaro mai hula zanna shi ne jarumin labari.

Ni dai ban goge memorin ba. Asabar ɗin da ta biyo baya na ajiye lissafi na zauna a tabarmar tare da su, da aka zo wajen fashewar na tsayar da shi na tambayi 'yata, wa kike gani aka zana a nan? Ta daɗe tana kallon fuskar, sannan ta kalli hannunta, ta ce Baba a wuce wajen.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Mai karatunku daga Agege, Legas