Maganar akun da ka ce in kawo maka

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hajiya da jiki, ya yara? Na ga saƙonka tun kwanaki, wanda kake cewa wai Kumasi ta cinye ni na manta da mutane, to ban manta ba wallahi, kuma yau dole in rubuto saboda abin da na gani ranar Asabar ya shafe ka kai tsaye.

Ƴan wajen aikinmu ne suka haɗa tafiyar kallon tsuntsaye, da ɗan jagora da komai, aka yi karo-karo muka sauka Cape Coast muka kwana. Na san yanzu kana dariya, kai da duk tsuntsun da ka gani tambayarka ɗaya ce, ana cinsa ko ba a ci. Asubar fari muna idar da sallah aka kwashe mu zuwa dajin Kakum, wajen kilomita 30 ne daga garin, saboda masu kallon tsuntsu ana barinsu su shiga tun kafin a buɗe wa sauran jama'a, in rana ta ɗaga ƴan makaranta suka cika wajen da ihu shikenan babu abin da za ka gani.

Akwai wata gadar igiya a can da aka ɗaure a jikin manyan itatuwa tun 1995, gada bakwai a jere, tsawonsu gaba ɗaya wajen mita 350, wani wajen kuma tsakaninka da ƙasa ya haura mita 30, katako ne ɗan siriri kake takawa ga raga hagu da dama, kana tafiya tana lilo. A kan dandamalin da ke jikin bishiya muka tsaya, hazo ya rufe dajin a ƙarƙashinmu. Jagoran nan da kunne yake aiki, zai ɗaga yatsa kawai kowa ya yi tsit, ya faɗi sunan tsuntsun tun ba a gan shi ba, sannan ya nuna reshen, ka ɗora madubin hangen nesa sai ga shi kuwa. Mun ga dangin cilakowa amma manya, baƙaƙe da wani tudu a saman baki, in suna tashi tun daga nesa kake jin fuka-fukansu fuu fuu. Akwai wani kore shar mai tukku da yake gudu a kan reshe, yana buɗe fiffike sai ka ga ja wur, na daɗe ina bin sa da ido.

To ga maganarka. Ka ce in zan dawo in sayo maka aku mai jan wutsiya irin na gidan marigayi Baba, ka sa a keji a zaure ya riƙa gaida baƙi. Ni ma da niyyar in tambayi farashi na tafi. Muna tsaye sai jagoran ya damƙi hannuna yana nuna sama, aku biyu ne suka wuce can ƙololuwa suna fito, kafin in saita madubin sun ɓace. Mutumin nan jikinsa har rawa yake. Ya ce yana yaro garke-garke suke wucewa ta saman ƙauyensu da yamma, yanzu sai ya yi makonni yana shigowa dajin bai ga ko ɗaya ba. Wani bincike da aka fitar a 2016 ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na irin wannan akun daga 1992, kamawa ake yi ana sayarwa, ga kuma sare manyan itatuwan da suke ƙwai a kogonsu, kuma da yawa a hanya suke mutuwa a cushe cikin akwati kafin a kai kasuwa. A 2016 ɗin ce ma ƙasashe suka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Don haka ba zan sayo ba, kuma don Allah kar ka sa yaron nan na Sabon Gari ya nemo maka. Abin ya tsaya min a rai sosai, duk surutun akun Baba da muke dariya muna yara ban taɓa tunanin daga ina aka ɗauko shi ba sai ranar.

Af, wai da gaske ne ƙaninka ya fasa auren? A bakin matata na ji, ita kuma a waya ta ji, ka san yadda zance yake canzawa kafin ya tsallako Aflao, bakin iyakar Togo da Ghana. Ka ba ni labari yadda yake.

Da rana muka gangaro bakin teku wajen Elmina, inda katafaren ginin nan na Turawan Fotugal yake tun 1482. Na ci dokunu, tuwon masarar nan nasu, da soyayyen kifi da yajin nan nasu shito har zufa ta karyo min. Bayan la'asar aka kai mu bayan gari inda ake shanya ruwan gishiri, nan kuma wata duniyar ce daban, fili fayau ba sai ka ɗaga wuya ba. Ga balbela, ga zalɓe iri-iri har da wani mai launin toka da farin maƙogwaro yana sanɗa a ruwa, ga wani fari da baƙi da yake tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike sannan ya faɗo ruwa tsulum ya fito da kifi. Sai wasu ƴan ƙanana masu dogon baki suna ta caccakar taɓo, jagoran ya ce daga Turai suke, sanyi ne ke koro su, sai wajen watan Afrilu su koma. Nan take na tuna zuwanmu Nguru, lokacin da ka rantse wai agwagin fadamar Dagona na wani mai kuɗi ne ya sake su kiwo. Ashe su ma baƙi ne irin waɗannan.

Angulu ma na gani a kan rufin kasuwar kifi suna jiran rabonsu, sai na tambayi kaina rabona da ganin angulu a abbatuwar garinmu. Kai ka duba min in ka bi ta can, da gaske nake, ina so in sani.

Ka ce wa Hajiya man kaɗanyar da ta aiko ya iso, maganin ƙafarta kuma na samu a nan, zan ba direban da zai taso ranar Laraba, ka sa a tsaya a tasha a karɓa kar ya kwana a mota. In kana so in haɗo da atamfa ga uwargida ka faɗi kala kafin Talata. Ka gaida ƴan majalisa duka, banda mai shayi har sai ya biya ni bashina.

Naka har kullum.