Rahoton Kwamitin Gyaran Kwazazzabon Bayan Makaranta

Assalamu alaikum. Jama'a sun yi ta tambayar inda kuɗin gudummawa suka tafi, kuma suna da haƙƙin su sani. An kammala ɓangaren bayan makaranta. Rasit-rasit suna hannun ma'aji, an kuma kai wa mai unguwa kwafinsu.

Dutse da ragar wayar da aka daɓe bakin kwazazzabon da su ba wanda ya yi gardama a kai. Inda magana ta yi yawa shi ne ciyawar jema da muka dasa. Mun ji ana cewa mun zuba kuɗin mutane a ciyawa, alhali da an dasa turare ko dogon yaro da tuni an ga abin nunawa. To, ba inuwa muka je nema ba. Saiwar jema tana nutsewa ƙasa mita 3 ko fiye, kuma idan aka dasa ta layi-layi a gicciye kan hanyar ruwa, tazarar kamar santimita 15, tana haɗewa ta zama shinge: ruwa ya wuce a hankali, ƙasa ta tsaya a baya. Babban itace a gaɓa kuwa, in ruwa ya ci ƙarƙashinsa, faɗuwa yake yi ya tafi da gaɓar gaba ɗaya. Turare ga shi da shan ruwa, ga hana ciyawa tashi a gindinsa. Tsadar jema ta zo ne daga kuɗin mota da dashe na biyu, domin ruwan Agusta ya kwashe layukan da ke can ƙasa kafin su kama.

A sama, nesa da gaɓa, mun sa gawo da bagaruwa da magarya. Gawo na zubar da ganye da damina, ba zai tare wa gonakin maƙwabta rana ba. Muka kewaye da aguwa saboda awaki.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu da ya ba da tifa-tifan dutse ya kuma hana a ambaci sunansa, Allah ya saka masa da Aljanna. Haka 'yan uwanmu mazauna Kano da Legas, da iyayenmu mata da suka yi ta ban ruwa har rani.

Saura ɓangaren maƙabarta, kuma can ya fi tsanani, don gaɓa ta kusa kai wa katanga. Muna buƙatar dutse da waya da kuɗin lebura kafin ruwan fari ya sauka. Mai kuɗi ya kai wa ma'aji, mai ƙarfi ya zo gayya ranar Asabar bayan sallar asuba.